Shin juyin halitta kullum sama yake hawa? Amsa ga wani malamin sakandare

Wani ƙanena da ke koyar da bayoloji a sakandare ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana cikin yi wa 'yan aji bayanin manyan hanyoyin da juyin halittar tsirrai da dabbobi ke bi, ya zana musu jeri a allo tun daga ƙwayar halitta guda, zuwa kifi, zuwa kwaɗo, har zuwa tsuntsu da dabba mai shayarwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Malam, in dai kullum gaba ake ci, me ya sa tsila ba ta da ko hanji, kuma ga ta nan ba ta ƙare ba?" Ya ce da dabara ya samu ya wuce wurin, amma abin ya tsaya masa a rai. Yana so in bayyana masa hanyoyin nan, da inda tsila ta faɗa a cikinsu.

To ƙanena, yarinyar nan ta fi zanen allonka gaskiya. Kuma ba laifinka ba ne, haka aka zana mana mu ma. Zan amsa maka bisa yadda masana ilimin halittu suka fahimci abin daga ƙasusuwan da suka daskare a duwatsu da kwatanta jikin halittu da binciken ƙwayoyin gado. Tsirrai da dabbobi ka tambaya, a kansu zan tsaya.

Matsalar tana cikin kalmar "ci gaba". Mun ɗauke ta da ma'ana ɗaya, alhali ma'ana biyu gare ta, kuma wanda ya fara raba su sosai wani masanin jikin dabbobi ne ɗan Rasha, Aleksei Severtsov, da ya rayu daga 1866 zuwa 1936. A aikin da ya fitar a 1925 ya ce akwai ci gaban gini, wato jiki ya ƙara sassa da tsari da ƙarfin aiki, akwai kuma ci gaban zuri'a. Zuri'a ta ci gaba in yawanta ya ƙaru, ta bazu zuwa sababbin ƙasashe, ta kuma rarrabu zuwa nau'o'i da yawa. In kuwa yawanta na raguwa, yankinta na tsukewa, nau'o'inta na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, to baya take ci, komai kyan gininta. Da wannan ma'auni, ɓera ya fi giwa ci gaba nesa ba kusa ba. Dangin ɓera su ne kusan kashi 40 cikin 100 na duk nau'o'in dabbobi masu shayarwa, suna kowace nahiya in ka cire ta ƙanƙarar kudu. Dangin giwa kuwa, an tono burbushin nau'i sama da 150 nasu, yau saura uku: biyu a Afirka, ɗaya a Asiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Daga nan Severtsov ya ce hanyar kaiwa ga ci gaban zuri'a ba ɗaya ba ce. Ɗalibinsa Ivan Schmalhausen ya ƙara faɗaɗa bayanin daga baya, kuma sunayen da za ka tarar a littattafai nasu ne: aromofosis, allomofosis, katamofosis. Ni a aji nakan kira su babban tsalle, da ƙwarewa, da zubar da kaya. Yara sun fi riƙe waɗannan.

Babban tsalle shi ne sauyin da ke ɗaga ginin halitta gaba ɗaya, ya buɗe wa zuri'arta duniyar da a da ba ta iya shiga. Ba ya yawan faruwa. A tarihin rayuwa na sama da shekara biliyan 3.5, za ka iya lissafa manyansu ba ka gaji ba. Kuma in ka dubi na tsirrai da na dabbobi masu ƙashin baya, za ka ga labari ɗaya suke bayarwa: yadda aka rabu da dogaro da ruwa.

Fara da tsirrai. Kakanninsu gansakukar ruwa ce. Abin da ke cikin ruwa ba ya tsoron bushewa, ba ya bukatar ƙarfin tsayuwa domin ruwa na tallafe shi, kuma in lokacin haihuwa ya yi, ƙwayar namiji iyo kawai za ta yi ta je ga ta mace. Tudu ya hana duk waɗannan. Wajen shekara miliyan 470 da suka wuce aka fara samun alamun tsirrai a kan tudu, da wata fata mai maiƙo da ke tare ruwa a jiki, daga baya kuma 'yan ƙofofi a jikin tsiro da ke buɗewa su rufe don shaƙar iska. Sai jijiyoyi suka zo, masu ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa sama, da sinadarin da ke sa itace tauri. Da wannan tsiro ya iya miƙewa, ya yi saiwa da ganye, har aka samu dazuzzuka tun wajen shekara miliyan 385 baya. Amma da sauran igiya a ƙafa. Gansakukar da ke fitowa a jikin katanga da damina, da tsirran nan masu ganye kamar gashin tsuntsu da ake gani a wurare masu laima irin tsaunukan Mambila, har yau ba sa haihuwa sai da ɗigon ruwan da ƙwayar namiji za ta yi iyo a ciki. Shi ya sa ba ka ganinsu a fako. Abin da ya tsinke igiyar shi ne garin fure da iri. Garin fure iska ko ƙwaro ke kai shi, babu ruwansa da ruwa. Iri kuwa, ɗauki ƙwayar wake ka jiƙa ta kwana ɗaya, ka ɓare a gaban yara: ga ɗan tsiro nan kwance da saiwarsa da ganyensa, ga guzurinsa a ɓari biyu, ga riga ta rufe su. Jariri ne da abincinsa cikin akwati, zai iya jiran damina wata takwas a rumbu ko a ƙasa. Tsalle na ƙarshe shi ne fure da 'ya'yan itace, wajen shekara miliyan 130 da suka wuce, inda tsiro ya ɗauki ƙudan zuma da tsuntsu da jemage aiki, yana biyansu da zaƙi. Sakamakon a fili yake: tsirrai masu fure sun kai nau'i wajen 300,000, masu iri marasa fure kuwa kimanin 1,000 ne kawai suka rage.

Dabbobi ma haka. Muƙamuƙi ya mai da kifi daga mai tsotsar laka zuwa mafarauci. Huhu da ƙafafu suka fito da zuriyarsa tudu. A 2004 an tono a arewacin Kanada wata halitta mai shekara miliyan 375 da aka sa wa suna Tiktaalik, tana da ɓawo da fiffiken kifi, amma cikin fiffiken akwai ƙasusuwa irin na kafaɗa da gwiwar hannu, tana kuma da wuya, abin da kifi ba shi da shi. Sai dai kwaɗo, duk tsallensa a tudu, in zai yi ƙwai dole ya koma kududdufi. Wanda ya 'yantar da dabba shi ne ƙwai mai ɓawo, sama da shekara miliyan 310 baya. Fasa ƙwan kaza ka duba: ruwa, abinci, jakar da ɗan tayi ke kwance a ciki, da wata jakar ta shara da numfashi. Kududdufin ne aka naɗe aka sa a kwanso. Ka ga dabarar iri ce sak, a wata zuri'a daban. Bayan haka sai zuciya mai ɗaki huɗu da ba ta gauraya jini, da jiki mai riƙe ɗuminsa ko da sanyin hunturu, da gashi, da nono, da mahaifa.

A nan akwai wani abu da littattafan makaranta ke tsallakewa, ni kuwa ina ganin ya kamata yara su ji shi. Babban tsalle ba ya biya nan take. Dabbobi masu shayarwa sun bayyana tun wajen shekara miliyan 200 da suka wuce, da gashinsu da ɗumin jikinsu, amma suka yi sama da shekara miliyan 130 galibinsu 'yan ƙanana, suna raɓe-raɓe da dare a ƙarƙashin manyan dabbobin da ake kira dainoso. Sai da wani dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Meziko shekara miliyan 66 baya, manyan suka ƙare, sannan fili ya samu. Da gini kaɗai ke ba da sarauta, da ba su yi wannan dogon jira ba.

Hanya ta biyu, ƙwarewa, ita ce mafi yawan abin da juyin halitta ke yi a kullum. Ginin asali yana nan yadda yake, ana dai gyara shi ya dace da wani wuri, wani abinci, wata sana'a. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Duk tsuntsu tsuntsu ne, amma dubi bakin shaho, da na agwagwa, da na aku, da na zalɓe. Duk mai shayarwa yana da ƙasusuwan hannu iri ɗaya, amma a jemage yatsun sun miƙe sun riƙe fatar tashi, a doki yatsa ɗaya ya rage ya zama kofato, a ayun kogin Binuwai hannun ya zama filafilin tuƙi. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙashin wuya bakwai gare shi, daidai da na ɓera da naka. Ba a ƙara komai ba, miƙa wanda ke akwai aka yi.

Ba sai ka je nesa neman misali ba, ka fita da yara bayan gari. Kuka na ajiye ruwa a jikinta, ta zubar da ganye da rani. Bagaruwa ta ƙanƙanta ganye ta yi ƙaya. Gawo kuwa ya juya kalanda: da damina, lokacin da kowa ke kore, shi tsirara yake, sai kaka ta yi ya fid da ganye, yana shan ruwa daga can ƙasa da doguwar saiwarsa. Shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero na yi a gindinsa ba inuwar da za ta danne shi, da rani kuma dabbobi su samu ganye da 'ya'ya. Ƙerana da ake shinge da ita, in ka kalle ta sai ka rantse 'yar'uwar kaktus ɗin Amurka ce: jiki mai kauri, ƙaya, ba ganyen kirki. Ba su haɗa dangi na kusa ba ko kaɗan. Karce ta ka ga farin ƙaro mai dafi yana fita, wannan alamar gidansu ce, gidan su tinya. Fari iri ɗaya ne ya sassaƙa zuri'a biyu a nahiya biyu har suka yi kama.

Misalin da na fi so gaiwa ce, domin da hannuna na tono ta. Muna yara, in rani ya yi tsakiya fadama ta bushe ta tsattsage, sai mu bi manya da fartanya muna neman wani ɗan rami kamar bakin kwalba a busasshiyar laka. A bi shi a hankali, a ciro dunƙulen ƙasa, a fasa. Ga ta nan a naɗe, wutsiya ta rufe kai, cikin wata busasshiyar jaka mai kamar takarda da ta yi da yauƙin jikinta. Ka ɗauka matacciya ce, sai ka jefa ta a ruwa ta motsa. A lokacin ban san abin da nake riƙe da shi ba. Kifi ne mai huhu, yana shaƙar iska ta wannan ɗan rami, ya rage aikin jikinsa ƙasa ƙwarai, yana rayuwa da naman jikinsa har ruwa ya dawo. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci, gaskiya ce ta kimiyya. Abin lura, huhun nan irinsa ne ya zama babban tsalle ga zuri'ar da ta hau tudu. A wurin gaiwa ya tsaya a dabarar tsallake rani. Kuma danginta da suka cika ruwayen duniya wajen shekara miliyan 400 baya, yau nau'i shida suka rage: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya. Gwana ce a fadamarta, amma gidansu baya yake ci.

Wannan ya kawo mu haɗarin ƙwarewa. Wanda ya iya sana'a ɗaya tak, ranar da kasuwarta ta mutu ya shiga uku. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono wani dainoso mai cin ciyawa da aka raɗa wa suna Nigersaurus a 1999. Bakinsa faffaɗa ne a miƙe kamar bakin shebur, da haƙora sama da 500 jere a gaba, ana sauya su kusan duk mako biyu, an tsara shi don yankar tsirrai a ƙasa-ƙasa. Wurin da yake kiwo sama da shekara miliyan 100 baya koguna ne da dausayi, tare da wani kada mai tsawon da ya haura mita 9. Yau rairayi ne iya ganinka. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma wanda ya fi zurfi a tsohuwar rawa shi ya fi shan wuyar juyawa. Masana sun lura cewa sababbin manyan zuri'o'i galibi daga kakanni marasa tsananin ƙwarewa suke fitowa, 'yan ƙanana masu cin duk abin da suka samu.

Yanzu ga tsilar ɗalibarka. Hanya ta uku ita ce zubar da kaya, kuma ita ce ke rikita mutane, domin a ido koma baya ce. Kakannin tsila tsutsotsi ne masu yawo da kansu, da baki da hanji da gaɓoɓin jin abin da ke kewaye. Da zuri'ar ta koma zama cikin hanjin wata dabba, sai lissafi ya juye. Me za ka yi da hanji alhali kana kwance cikin abincin da wani ya riga ya narkar? Me za ka yi da ido a wurin da babu haske? Kowace gaɓa tana cin abinci kafin a gina ta, tana ci kafin a riƙe ta. Duk tsutsar da aka haifa da ragin gaɓar da ba ta da amfani, ta juya abincin zuwa ƙwai, ita za ta fi barin 'ya'ya. A hankali hanji ya tafi, baki ya tafi. A ɗakin gwajinmu akwai wata a kwalba, nakan sa ɗalibai su nemo kanta. Sukan daɗe, domin bai fi kan allura mai ƙulli ba, da 'yan faifan mannewa guda huɗu. Sauran jikin, da kan kai mita 4 zuwa 10 a irin da ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba, gaɓa-gaɓa ne sama da 1,000, kowace gaɓa da kayan haihuwa na namiji da na mace, kuma wadda ta nuna tana ɗauke da ƙwai dubbai masu yawa. Ta fatarta take tsotsar abinci, fatar kuma an gina ta yadda ruwan narkar da abincin mai gida ba ya cin ta.

Ka lura da wannan na ƙarshe, domin a nan nake ɗan saɓa wa yadda ake koyar da abin. Cima-zaune bai zama sakarai ba. Ya zubar da wasu kaya, ya ƙware ƙwarai a wasu. Tsila sai ta bi ta saniya kafin ta dawo mutum, kuma tsara rayuwa tsakanin gida biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ma haka: a cikinta akwai wata 'yar jaka da bincike ya nuna ragowar gidan koren sinadarin nan ne da tsirrai ke haɗa abinci da hasken rana. Wato kakanninta da rana suke ci, ta bar wannan ta koma jinin mutane, ga ta kuma ta gagari duniya.

A tsirrai, wuta-wuta ce babbar shaida, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kowane manomin dawa da gero ya san furenta mai ruwan hoda, ya kuma san cewa in ya gan shi ɓarnar ta riga ta auku. Tono ta a hankali da ƙasarta, ka wanke: za ka ga ba ta da saiwar kirki, 'yan ƙulle-ƙulle ne manne da saiwar dawa, ta nan take zuƙe ruwa da abinci tun tana ƙarƙashin ƙasa. Irinta kamar ƙura yake, guzurin da ke ciki bai kai ya riƙe ta kwanaki da yawa ba, wato ta zubar da rabin dabarar iri da na yaba ɗazu. Amma dubi abin da ta saya da kuɗin. Tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai barkatai, irin na iya kwana a ƙasa sama da shekara 10, kuma ba ya tsirowa sai ya ji ƙamshin wani sinadari da saiwar mai gida ke fitarwa. Ba ta fita sai ta tabbatar akwai tuwo. Sanin wannan ne ya ba da dabarar yaudararta: a shuka auduga ko waken suya ko gyaɗa, saiwarsu ta fitar da irin wannan ƙamshi, irin wuta-wuta ya tsiro ya rasa inda zai kama ya mutu. Ita wuta-wutar dawa rabin tafiya ta yi, har yanzu ganyenta kore ne, kamar kaucin da ke kan bishiya. Akwai waɗanda suka kai ƙarshe: a dazuzzukan Indonesiya akwai Rafflesia, ba ganye, ba kara, ba saiwa, zare-zare ne kawai cikin jikin wata kuranga, sai fure ɗaya da faɗinsa kan kusa mita guda.

Zubar da kaya ba na cima-zaune kaɗai ba ne. Maciji daga masu ƙafa huɗu ya fito. In aka kashe mesa, duba kusa da mafitar kashinta, akwai 'yan ƙumbuna biyu, ragowar ƙafafun baya ne. Jimina ta bar tashi. Kifayen wasu koguna na ƙarƙashin duwatsu a Meziko sun rasa ido. Sai dai waɗannan asarar gaɓa ɗaya ce cikin ƙwarewa, ba rushewar gini gaba ɗaya irin ta tsila ba, kuma ya kamata ka raba wa yara su. Abin da aka zubar kuma da wuya ya dawo yadda yake. Wani masani ɗan Beljiyam, Louis Dollo, ya faɗi haka a 1893. Kifin wel, katafariyar dabbar nan mai shayarwa, ya koma teku daga kakanni masu tafiya a tudu, amma bai sake samun numfashin kifi ba, har yau sai ya taso ya shaƙi iska.

Yadda hanyoyin uku ke haɗuwa shi ne: a yi babban tsalle sau ɗaya, sai zuri'ar ta watsu cikin sabon fili ta hanyar ƙwarewa iri-iri, wasu rassan su zubar da kaya, daga wani reshe kuma, bayan dogon zamani, wani tsallen ya fito. Saboda haka zanen da ya dace da allo bishiya ce mai rassa ta ko'ina, ba tsani ba. Tsani tsohon tunani ne, har Lamarck na Faransa ya gina bayaninsa na 1809 a kansa. Zane guda da Darwin ya sa a littafinsa na 1859 kuwa rassa ne. Kwaɗon yau ba kakan ƙadangare ba ne da ya makara a hanya. Shekarun da zuri'arsa ta yi tana sauyawa daidai suke da na kowa. Bakteriya, da ba su taɓa barin ƙwaya ɗaya ba, su ne mafi yawan masu rai a duniya har gobe.

Ka kuma gaya wa yara cewa rabon nan na uku mutane ne suka yi shi don sauƙin fahimta, kuma iyakokinsa ba su da kaifi. A ƙasashen da suka gaji tsarin karatun Rasha ne aka fi koyar da shi da waɗannan sunaye. Masanan Ingila da Amurka sun fi maganar sauyi cikin zuri'a ɗaya da rarrabuwar zuri'a zuwa rassa. Kuma sai abu ya wuce ake gane ko tsalle ne. Gashin tsuntsu ya fara ne a jikin dainoson da ba sa tashi, wataƙila don ɗumi ko ado. Da kana wurin a lokacin, ƙaramar ƙwarewa za ka kira shi. Ga wani da nakan ba ɗalibaina su yi gardama a kai. Gero da dawa da masara da rake suna da wata hanyar kama iskar kabon da ta fi ta shinkafa da alkama aiki a zafi da ƙarancin ruwa, ita ake kira C4. Tsirrai masu ita ba su wuce kashi 3 cikin 100 na nau'o'in tsirrai ba, amma suna yin kusan rubu'in duk haɗa abincin da ake yi a doron ƙasa, kuma dabarar ta ɓullo da kanta sama da sau 60 a dangi daban-daban. Tsalle ne ko ƙwarewa? Ni ina karkata ga ƙwarewa mai faɗin gaske, domin ginin tsiron bai sauya daga tushe ba, amma wanda ya ce tsalle ne ba zan kayar da shi a jarrabawa ba in ya kawo hujja. Haka kada: zuciyarsa ɗaki huɗu ce kamar ta tsuntsu, amma sai ya sha hantsi jikinsa ke ɗumi. Jerin da muke haddacewa ba ya zuwa a dunƙule.

Abu na ƙarshe da za ka haɗa da darasin shi ne cewa a zamaninmu, wanda ke yanke wa zuri'a hukuncin ci gaba ko ci baya galibi mutum ne. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, da a da suke daga Senegal har tafkin Chadi, sun ragu zuwa 49 a 1996, duk a yankin Kure kusa da Yamai. Ba gininsu ne ya gaza ba, farauta ce da sare daji da fari. Da aka tsare su sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji. A ɗaya gefen, ɓera da kyankyaso da wuta-wuta mu muka shimfiɗa musu tabarma: gonar da aka shekara goma ana shuka dawa a kai ba hutu ba taki, aljannar wuta-wuta ce. Sauron da ke kawo zazzaɓi kuma, cikin 'yan shekarun da muka yi muna raba gidan sauro mai magani, waɗanda maganin bai kashe ba su suka hayayyafa, har ta kai yanzu ana ƙara wani sinadari na biyu a gidajen sauron don karya juriyarsu.

In za ka koma ajin, ka tafi da ƙwayar wake jiƙaƙƙiya, da reshen gawo, da wuta-wuta guda da ka tono tare da saiwar dawarta. Ka ajiye su a tebur, ka kira yarinyar nan ta fara jera su, ta faɗi wace hanya kowanne ya bi.